Ba Kullum Gas Ke Ƙarewa Ba: Yadda Zafin Bazara Ke Kashe Injinan Gida a Filinge

Da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu, ba ka jin motsin kowa a Filinge. Awaki sun lafe a jikin katanga, masu shaguna sun baje tabarmi a rumfa, iskar da ke tasowa daga kwarin Dallol Boso kuwa ba ta kawo komai sai hucin rairayi. Amma in ka shiga gidan da ake sayar da ƙanƙara, akwai wata ƴar ƙara da za ka ji tana fitowa daga ɗakin da aka ajiye firiza. Gunji na ɗan lokaci, sai ƙas, sai shiru. Bayan minti 2 ko 3 a sake.

Uwar gida ta san abin da ƙarar ke nufi. Ledojin ruwan da ta jera tun daren jiya ba su daskare ba, zoɓo ya yi sanyi-sanyi kawai, ga shi da la'asar yara za su fara sallama da kuloli a hannu. In azumi ne abin ya fi ciwo, don cinikin watan ne ake sa ran ya ɗauki nauyin kayan salla.

Abin da za a fara faɗa, a gidan da ma a rumfar mai gyara, shi ne gas ya ƙare. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Injin ne ya ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsa, wani ɗan makari da ke manne a jikinsa yake katse masa wuta don kada ya ƙone. Wannan matsala ta zama ruwan dare a ƙasar Kurfey, inda Filinge take, da kewayenta tun da firji, firiza da batiran sola suka fara shiga gidajen da a da randa ce kaɗai abin sanyaya ruwa.

Zafin da aka kwaso, ina za a kai shi?

Firji kwasar zafi yake yi daga cikinsa ya zubar a waje. Gas ɗin da ke yawo a bututansa yana tsotse zafin ruwa da nono da naman da aka sa, sannan kwamfireso, baƙin injin nan da ke ƙasa ta baya, ya matse gas ɗin ya tura shi cikin ragar siraran bututai da ke bayan firjin, ko waɗanda aka ɓoye a cikin bangonsa. A nan zafin ke fita ya shiga iskar ɗaki. Shi ya sa gefen firiza ke yin ɗumi in tana aiki, kuma ba laifi ba ne.

Sharaɗin aikin guda ne: dole ragar ta fi iskar ɗaki zafi, in ba haka ba babu inda zafin zai gangara. A ɗakin da ke digiri 25, ragar da ta kai 40 ta wadatar. A ɗakin kwano da ya haura 45 da azahar, sai injin ya yi ta matsa har ragar ta doshi 60. Yawan matsi yana sa ya ƙara jan wuta, yawan jan wuta yana ƙara masa zafi, ga shi ba ya samun hutun da aka tsara masa tsakanin tashi da tashi.

Filinge na da nisan kusan kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kuma a Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki ba ya cika sauka ƙasa da digiri 40. Akwai ranakun da yake kai 44 ko 45. A farkon Afrilun 2024, lokacin da wani matsanancin zafi ya lulluɓe Sahel ana cikin azumi, an auna sama da digiri 48 a garin Kayes na Mali. Duk waɗannan awon inuwa ne a fili. Cikin ɗakin siminti mai rufin kwano da ƴar taga ɗaya, labarin ya wuce nan.

An ƙera shi don wata ƙasa

Kowane firji yana da ƴar takarda a manne, a bayansa ko a cikinsa, mai ɗauke da ƙarfin wutar da yake sha, irin gas ɗinsa, da wani harafi da mutane ƙalilan ke kula da shi. Harafin N na nufin an gwada shi ya yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 32 ba. SN ma iyakarsa 32. ST yana kai 38. T, wanda aka yi don ƙasashe masu zafi, yana kai 43.

Yawancin tsoffin firjin da ake kwasowa daga Turai, su sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, su ƙare a kasuwar Katako ta Yamai kafin a ɗoro su a kan motocin hanyar Baleyara, an yi su ne don ɗakunan girkin Jamus da Faransa da Beljiyam. Harafinsu N ne ko SN. Sun yi shekara 10 ko 15 suna aiki a can kafin a yar da su. A nan sai a ɗora musu aikin da ko da ƙuruciyarsu ba a nufe su da shi ba.

Masu sayarwa suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Sukan ce tsohon ƙarfen Turai ya fi sabon da ake kawowa yanzu ƙwari, ga shi kuɗinsa bai kai rabin na sabo ba, kuma matar da jarinta bai taka kara ya karya ba ta hanyarsa kaɗai za ta mallaki firiza. Gaskiya ne akwai sababbin da jikinsu bai da kauri, robar ƙofarsu ba ta shekara biyu. Amma ƙwarin ƙarfe daban, iya jure zafi daban. Arha ba ta ado, kuma a wannan harka bazarar farko ce ke bayyana hakan.

Bango, ƙura da lulluɓi

Ko firjin mai harafin T ne, inda aka ajiye shi na iya kashe shi. An saba a manna shi da bango, a kusurwa, don ɗaki ya yi fili. A shimfiɗa masa leshi ko zane don ado, zanen ya zubo ta baya ya rufe ragar. A jibga kwanoni da kuloli a kansa, a cusa buhun gero a gefensa. Wasu ma a ɗakin ajiya suke kulle shi saboda yara, ba taga, ba mashigar iska. Zafin da ya fitar sai ya dawo masa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da ita ta kowace kafa, ta kwanta a kan raga, ta haɗu da yanar gizo-gizo da gashin kaji da maiƙon girki ta zama dafi. Da sanyi ba a gane ɓarnar, don iskar ɗaki na taimakon injin. Sai bazara ta kama a ga firjin da ya yi lafiya lau wata huɗu ya fara ƙas-ƙas, a yi ta mamaki.

Firizojin da ke da ƴar fanka kusa da kwamfireso sun fi shiga hatsari. In ƙura ta cushe fankar, ko ɓera ya yi sheƙa a wurin, ko leda ta naɗe ta, injin zai ci gaba da gudu ba mai yi masa fifita.

Akwai kuma yawan lodi. A takardar kowace firiza an rubuta kilon da za ta iya daskararwa a awa 24, kuma ga matsakaiciya abin ba ya cika wuce kilo 10 zuwa 20. Mai sayar da ƙanƙara kan zuba mata ledoji na lita 50 ko fiye a tashi ɗaya, da ruwan da ya wuni a jarka a rana. Sanyaya ruwan ma ba shi ne babban aikin ba. Kusan kashi 2 cikin 3 na wahalar injin yana wurin mai da ruwan sanyi ƙanƙara. Firizar da aka yi wa haka ba ta tsayawa ko sau ɗaya daga magariba har wata magaribar. Raba lodin gida biyu, da barin wasu daskararrun ledoji a ciki su tallafa wa sababbi, ya fi a cika ta maƙil a tashi da ruwa.

Wutar da ta zo ba ƙarfi

Ana kukan ɗauke wuta, amma masu gyara sun fi tsoron wutar da ta zo a raunane. An gina waɗannan injina a kan volt 220. In wutar ta faɗo ƙasa da kusan 180, kamar yadda ke faruwa da yamma lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin, ko a gidan da ke ƙarshen layi, ko wanda ya jawo wuta daga maƙwabci da siririyar waya mai tsawo, kwamfireso ya kan kasa juyawa. Yana tsaye amma yana zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake sha in yana gudu. Cikin daƙiƙoƙi wayoyin cikinsa sun yi zafi, makari ya katse. Gunjin da ƙas ɗin da ake ji ke nan.

Haka ma in aka ɗauke wuta aka maido nan take. Gas ɗin da ke cikin bututu bai saki matsinsa ba tukuna, injin ba zai iya ture shi ba. Yana buƙatar kamar minti 5. Shi ya sa masu hankali ke zare soket da zarar wuta ta tafi, kuma na'urar daidaita wuta mai jinkirta kunnawa ta fi kowane kayan ado da za a saya wa firji amfani.

Wannan ba matsalar gida ɗaya ba ce. Kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki a Nijar, kuma kafin 2023 kamfanin lantarki na NIGELEC ya shafe shekaru da dama yana sayo mafi yawan wutarsa, kusan kashi 70 cikin 100, daga Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke layin a watan Agusta, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Tashoshin Goru Banda da ke wajen Yamai, na man dizal da na hasken rana mai megawat 30, sun rage zafin abin amma ba su cike giɓin ba. Madatsar ruwan Kandaji, a cikin jihar Tilaberi inda Filinge take, wadda aka tsara ta ba da megawat 130, har yanzu jiran ta ake yi. A irin wannan hali, mutane sun koma ga ƙananan janareta, su kuma da nasu ciwon: in man ya kusa ƙarewa ko lodi ya yi yawa sai wutarsu ta yi ta hawa da sauka.

Kada a manta da soket. Wanda ya saki, ko jonin da aka naɗe da leda, ko wayar rediyo da aka mai da ta firiza, duk suna yin zafi da kansu. Wanda ya taɓa kan filogi ya ji ya ɗau zafi, ko ya ga robar ta yi baƙi-baƙi, ya riga ya gano rabin matsalarsa ba tare da ya kira kowa ba.

"Hajiya, gas ne"

A nan ne mai kaya da mai gyara ke saɓawa. Gas ɗin firji ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake, yana zagayawa ne kawai, kuma firjin da bai huje ba zai iya shekara 20 da gas ɗinsa na asali. In ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Mafi yawan hujin kuwa da hannu ake yin sa, da wuƙa ko cokali, wajen ɓamɓaro ƙanƙarar da ta kama bango. Wani kuma tsatsa ce, ko girgizar hanya.

Masu kaya suna zargin masu gyara da cewa komai aka kai musu sai su ce gas, don shi ne aikin da ke da kuɗi. Masu gyara su ma suna da nasu ƙorafin. Sukan ce in ka share raga, ka matsar da firji daga bango, ka ce wa mai shi aiki ya ƙare, ba zai ga abin biya ba. Sai ya ga tukunyar gas da wutar walda sannan ya yarda an yi masa aiki. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, kuma firjin ne ke shan wahalar.

Ƙara gas a injin da bai rasa shi ba yana ƙara masa matsi, ya ƙara masa zafi. Cika shi ba tare da an zuƙe iska da laimar da suka shiga bututu ba ma haka. Sannan gas ɗin ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin firji na da R12, wanda aka daina yi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Na tsakiya suna da R134a. Sababbin Turai galibi R600a ne, wanda ake sa ɗan kaɗan, da awo na giram, kuma yana kama wuta. Kowanne da irin mansa da irin injinsa. Wanda ya cika da ido, ko ya zuba wani a madadin wani don shi ke hannunsa, ya gajarta wa kwamfireso kwana.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya fara da tukunyar gas. Yakan fara da tambaya: yaushe abin ya soma, da rana yake yi ko har da asuba? Firjin da ke aiki lafiya da sassafe ya rikice da azahar, zafi ne ko raunin wuta, ba huji ba. Sai ya auna wutar a soket, injin na kashe da kuma lokacin da yake ƙoƙarin tashi. Sai ya duba raga da fanka da tazarar bango. Sai robar ƙofa: a maƙala takarda a rufe, in ta zare ba gardama, iskar waje na shiga dare da rana. Sai makunnin da ke daidaita sanyi, ko yana barin injin ya huta. Sai ɗan abin da ke tayar da kwamfireso, wanda in ya ƙone ana jin yana kaɗawa in an girgiza shi, kuma kuɗinsa bai kai na cika gas ba. Bayan duk wannan ne ake neman tabon mai a jikin bututu, alamar huji.

Zafin jikin kwamfireso kaɗai ba shaida ba ce. Lafiyayye ma da bazara hannu ba ya daɗewa a kansa.

A haɗa shi kai tsaye

Mafi munin abin da ake yi wa injin da ke ɗaukar zafi shi ne a cire makarin. Mai kaya ya gaji da ƙas-ƙas, kayan gyara sai an aika Yamai, ga ciniki na wucewa, sai a ce a haɗa waya kai tsaye kafin a samo. Ƙarar ta daina, kowa ya ji daɗi. Wannan kamar ɗaure bakin kare ne don haushinsa ya hana ka barci, alhali ɓarawo yake gani. Ran da wuta ta zo a raunane kuma, ba abin da zai katse ta. Wayoyin cikin injin su narke, in an yi sa'a a tsaya a nan.

Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan ganganci ya dubi injin busar da tufafi. A Filinge ba mai buƙatarsa, don rigar da aka shanya a igiya da bazara ta bushe kafin a gama wanke ta biyu. Amma yana nan a manyan otal da wasu gidajen wanki na Yamai, kuma ƴan Kurfey da ke ci-rani a Abijan, Akara da Legas, ko waɗanda suka tsallaka Turai, suna haɗuwa da shi, wasu ma da shi suke neman abinci.

Aikinsa akasin na firji ne, amma ciwonsu ɗaya. Yana zuƙo iska, ya ɗumama ta da wayar wuta mai cin watt dubu 2 ko fiye, ya hura ta cikin gangar da tufafi ke juyawa, ta fita ta wata rariya da bututu zuwa waje. Tufafi na zubar da burbushin zare, rariyar na tare shi. In ba a share ta bayan kowane aiki ba, ko bututun ya lanƙwashe, ko bakinsa na waje ya toshe, iska ta daina gudu amma wayar ba ta daina zafi ba. Alamomin a bayyane suke: kaya su fito da zafin da ba a iya riƙewa amma da sauran laima, saman injin ya yi zau, a ji ƙauri, ya tsaya aiki bai ƙare ba.

Shi ma an yi masa matakan kariya. Akwai makunnin da ke kunna wayar yana kashewa, akwai na biyu da ke katsewa in zafi ya wuce ƙima, akwai kuma fis na zafi da ke tsinkewa sau ɗaya tak. Fis ɗin in ya tsinke, abin tambaya shi ne me ya tsinka shi. A bi rariya, a bi bututu har waje, a duba fankar da ke hura iska, a gwada makunnin, sannan a duba ko wayar wutar ta saki ta taɓa ƙarfen jikin injin, don in ta taɓa takan yi ta zafi ba tsayawa. Wanda ya canja fis bai bi wannan layi ba zai sake sayen wani. Wanda ya ɗaure gurbinsa da waya kuwa ya tara busasshen zare kusa da garwashi.

A Amurka hukumar kula da gobara ta ƙiyasta cewa irin wannan inji na haddasa gobara kusan dubu 3 a gidaje kowace shekara, kuma kusan kashi 1 cikin 3 rashin shara ne sanadi. A Birtaniya, a 2019, an sa kamfanin Whirlpool ya janye ɗaruruwan dubban injinan busarwa saboda burbushin zare na iya kaiwa ga wayar wutarsu. Firji ma ba a bar shi a baya ba. Gobarar benen Grenfell a Landan, a watan Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, bincike ya nuna daga matsalar lantarki a wani firji ta tashi, kafin abin da aka lulluɓe bangon benen da shi ya yaɗa ta. In haka ta faru a garin da motocin kashe gobara ke isowa cikin mintuna, sai a auna gidan da ke da danga ta zana, da rumbun kara a tsakar gida, da galan ɗin fetur a ɗaki ɗaya da firiza.

Sola ma tana jin jiki

Ƙauyukan da layin lantarki bai kai ba sun rungumi sola, kuma mutane da yawa na zaton tsananin rana riba ce. Haske farantin ke so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kowane digiri da ya haura 25. Farantin da aka kwantar a kan kwano ba tazara yakan kai 70. Batirin ruwa ya fi shan wuya: duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin kwanansa, kuma an fi ajiye shi a ɗakin da ya fi kowanne zafi. Inbata kuma ƴar fankarta da ƙofofin iskarta ƙura ke toshewa, sai ta yi ta ƙara tana kashe kanta, a ce ta lalace.

Abin takaici, Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Tun 1965 aka kafa ofishin binciken makamashin rana na ONERSOL, wanda Farfesa Abdu Mumuni, mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana jagoranta. Kayan sun iso ƙauye kafin sanin yadda ake riƙe su ya iso.

Wa ke ɗaukar asarar

Mata ne a gaba. Ƙanƙara, zoɓo, lamurje da ruwan leda sana'ar cikin gida ce, kuma sau da yawa da kuɗin adashi aka sayi firizar, ko ɗa ne ya aiko daga bakin teku. In kwamfireso ya ƙone, kuɗin wani kan kusa kai na wata tsohuwar firizar, sai a mai da ta akwatin ajiye tufafi.

Sai masu nono. Tukunus, arewa da Filinge, ta shahara da tashar kiwon shanun Azawak, kuma yankin duka na makiyaya ne. Nonon da ba a sanyaya ba ba ya wuce ƴan awoyi da bazara, dalilin da ya sa cuku ya daɗe yana da daraja ke nan. Duk mai son sayar da madara ko kindirmo nesa da rugga ya dogara ne da injin da ba zai ba shi kunya da azahar ba. A gidajen likita kuma alluran rigakafi na son digiri 2 zuwa 8, ba ƙasa ba sama, shi ya sa ake kai musu firji na musamman masu aiki da hasken rana, masu kaurin jiki, waɗanda aka gwada a digiri 43. Bambancinsu da na gida ya isa ya nuna cewa ana iya ƙera abin da zai jure wannan ƙasa in an ga dama.

Kayan gyara ma sun ƙara wuya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, kuɗinsu ya hau. Rashin tsaro da dokar hana hawa babur da aka sha sanyawa a sassan jihar Tilaberi sun sa mai gyara ba ya zuwa ƙauye yadda ya saba, sai dai a ɗoro firiza a amalanke ko a saman mota, a kwance, ta sha girgiza. Wadda aka kawo a haka, in ba a bar ta a tsaye na wasu awoyi man injin ya koma mazauninsa ba kafin a kunna, an ƙara mata wani ciwon a kan na da.

Akwai masu ganin a bi sawun Ghana, wadda ta hana shigo da tsoffin firji tun 2013, ta kuma yi tsarin karɓar tsoho a rage wa mutum kuɗin sabo. Akwai masu cewa a ƙasar da iyakokinta ke da faɗi kamar Nijar, irin wannan doka farashi kawai za ta ɗaga, ta bar talaka da ruwan zafi. A ganina hanin gaba ɗaya bai dace da aljihun mutanen Kurfey ba a yanzu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a hana shigo da mai harafin N da SN da mai gas ɗin R12, abin da jami'in kwastan zai iya tantancewa da ido a jikin takarda, sannan cibiyoyin koyon sana'a su riƙa yaye masu gyaran da ke da na'urar awon wuta da sikelin gas, ba tukunya da ashana kaɗai ba.

Wasu gidajen kuma sun rage wa firjin aiki ne kawai. Kayan lambu irin tumatir da yalo da ganye ba sa buƙatar lantarki. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, dabarar da Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, ta fi yin aiki a busasshen zafi irin na Maris da Afrilu, kuma tana riƙe su kwanaki. Ruwan sha na gida ya koma randa, firiza ta tsaya a kan abin da za a sayar. Masu yin haka sun fi jimawa ba su nemi mai gyara ba, ko da yake da damina ta kawo laima dabarar tukunyar tana raguwa, sai dai a lokacin zafin da ke wahalar da injin shi ma ya sauka.